Allonku Ya Dafa Ƙwan Zabin Inna Talatu

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke shigo da ƙananan allunan kwamfuta yana sayar mana a Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ni mai gyaran sola ne a Gwarzo, kuma ina haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai da allunanku. Na fito fili ne saboda wasiƙu biyu na aiko muku a asirce, abin da na samu bai kai a kira shi amsa ba.

Na farko, Yallaɓai, ka san me kake sayarwa? Allon da na saba saya yana aiki lafiya lau. Kanel ɗinsa, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da allon, ya san kowane cif, wato ƴar ƙwayar lantarki, da ke jikinsa. A kayan bana sai kuka sauya cif ɗin da ke kunna hita mai ɗumama ƙwai yana kashe ta. Suna bai canza ba, kwali bai canza ba, kanel ma tsohon ne kuka bari, da tsohon direba a ciki, ƴar manhajar nan da ke sa kanel ya iya sarrafa cif. Ko takarda ɗaya ba ku saka kun sanar da mu ba. Da ƙin aiki ya yi tun farko ai da sauƙi. A'a, yana aiki sumul, sai ran da wuta ta ɗan katse allon ya sake tashi, nan ne hita ke maƙalewa a kunne.

Na biyu, ga abin da wannan sakaci ya jawo. Inna Talatu ƙanwar mahaifiyata ce, a Dugabau take, da kiwon zabi take riƙe kanta. Zabuwa ba ta iya kwanci ba, shi ya sa matan garinmu ke tara ƙwanta su sa wa kaza ta kwanta musu. Haka Inna ta saba tun kafin a haife ni. Ni ne na zauna na lallashe ta, na ce kaza ƴan kaɗan take ɗauka, injina kuwa zai ɗauke duka lokaci guda. Ta ƙi, na nace, har ta ɗebe waɗanda ta riga ta sa wa kaji ta haɗa mini da sauran.

Saura kwana uku a fara ƙyanƙyasa, ina garin Durun ina ɗaura wa wani sola, hadari ya rufe rana, wutar injin ta ɗan katse kafin ta koma kan batir. Da na dawo da la'asar, murfin injin ba ya taɓuwa don zafi. Na fasa ƙwai ɗaya na ga ɗan zabo cikakke, har da gashinsa, a dafe. Wallahi hawaye na yi. Kuma zabi da damina suke ƙwai, yanzu an shiga kaka. Shekarar Inna ta tafi ke nan.

Na uku, amsarku. Na roƙi a ba ni rubutun direban sabon cif in gyara da kaina, tunda mako guda na yi ina bin kanel layi-layi kafin in gano matsalar. Sai wani ma'aikacinka ya rubuto wai kun daina kula da wannan samfurin, in sayi sabo. Kun daina kula da shi amma yana nan jibge a shagonku kuna sayarwa? Wannan rainin hankali ne, ba shi da wani suna.

Saboda haka ina neman ku saki direban sabon cif ɗin a fili, ko ku fitar da gyararren kanel. Ku rubuta a jikin kwali duk lokacin da kuka sauya wani abu. Sauran allunan kuma ku janye su, domin na san masu haɗa famfon ban-ruwa da su a Kabo, kuma rani na tafe.

Allah ya shirye mu da ku, ya sa ka zama mai jin kukan na ƙasa da kai. Da na je Dugabau ba da haƙuri, Inna Talatu ce ma ta riƙa lallashina, ta ce ƙaddara ce, kada in sa a raina, har ta zuba mini fura. Ita ta yafe mini. Ni ban yafe muku ba.

Wassalam.

Sani mai gyaran sola,
Gwarzo.