Allurai Shida a Tulun Gero

Litinin, 2 ga Maris, 1964
Wata biyu ke nan da kwana uku tun da aka loda 'yan Dahome a kamiyo, babbar motar kaya, aka tsallakar da su gada, aka rufe iyaka. Mijina Anselme, wanda ake kira Akawu, yana ciki, da uwarsa, da ɗiyarmu Ladi goye a bayanta. Ni kumandan ya ce 'yar ƙasa ce, in riƙe makullin gidan likita har a aiko sabon majo, wato babban malamin asibiti, don shi ma majonmu ɗan Dahome ne. Mun ɗauka abin mako guda ne.

Ni da aikina shara da dafa allurai. Yau ga ni da mutum huɗu kwance a rumfa, wuya ya sandare, ido ba ya son haske. Sanƙarau ne. Na gan shi shekarar da na fara aiki, ban manta ba.

Alhamis, 5 ga Maris
Biyu sun mutu. Ɗayan matashiya ce daga Bana, shekaranjiya da bakinta ta gaya mini sunanta.

Na ɗebi kwalabe shida na maganin allura na cusa cikin tulun gero a ɗakina. Don kaina. Na rubuta ne don kada gobe in yi wa kaina ƙarya.

Lahadi, 15 ga Maris
Da mu tara ne muke taruwa sujada a zaurenmu. Takwas suna ƙetare. Na shimfiɗa tabarma ni kaɗai, na fara waƙa, muryata ta ba ni tsoro, na bari.

Na karanta inda Almasihu ya ce ƙwayar hatsi sai ta faɗi ƙasa ta mutu kafin ta yi 'ya'ya. Tun ina yarinya a Dogon Dutsi nake jin wannan, yana yi mini daɗi a kunne. Yau bai yi ba. Ni ba na so in faɗi ƙasa. Ina so in ga Ladi ta yi famfara.

Laraba, 18 ga Maris
Siddo masunci ya kawo mini takardar Anselme a ƙarƙashin kifi. Ya samu aiki a Kotonu, zai bar Malanbil, garin da ke ƙetaren gada, ranar Talata bayan Idin Tashi. Ya ce in biyo jirgin Siddo ran Asabar ta jajiberin Idin da hantsi cikin mata masu sarin kifi, jandarmomi ba sa duba su. Ladi kullum sai ta ja kakarta bakin gulbi tana nuna wannan gefen.

Siddo ya ce, "Matar Akawu, ki yanke shawara. Ruwa yana janyewa, ido yana ƙaruwa."

Na ce zan zo.

Talata, 24 ga Maris
Kwalin magani ya ƙare ƙaf. Sau biyu ina aika saƙo Doso, shiru. Mutum goma sha ɗaya a rumfa, ruwa kawai nake ɗura musu da tsumma mai sanyi a goshi. Duk wanda ya yi tari kusa da ni sai in riƙe numfashi har in fita. Kullum da safe ina gwada taɓa ƙirjina da haɓa, in ga ko wuyan yana lanƙwasuwa.

Inna Zeinabu maƙwabciyata ta kawo mini dambu. Ta ce, "Ɗiyata, ke kaɗai Allah Ya bar mana a gidan nan." Na kasa haɗa ido da ita. Tana zaune dab da tulun.

Alhamis, 26 ga Maris
Jibo gardi, dogarin kumandan, ya kawo matarsa Kadija a amalanke. Shi ne ranar kora ya tura Anselme cikin kamiyo da gindin bindiga, ya jefo akwatin surukata ƙasa wai ya yi nauyi. Yau ya cire hula ya durƙusa a gabana.

"Madam, ki yi don Allah. Goyo gare ta, wata biyar."

Na ce magani ya ƙare. Bakina bai ko yi rawa ba. Abin da ya fi firgita ni shi ne na ji wani ɗan sanyi a raina da na ga gwiwarsa a ƙasa. Ya Ubangiji, wace irin mace nake zama?

Juma'a, 27 ga Maris
Ranar gicciye. Ban ci komai ba, ba don ibada ba, cikin ne ya ƙi.

Na karanta labarin lambun da Almasihu ya yi addu'a a daren da za a kama shi. Ban taɓa lura ba, ashe Shi ma ya ji tsoro, har ya roƙa a ɗauke masa abin in zai yiwu. Ba a ɗauke ba. Ya tashi ya tafi da tsoron nasa. Ni da nake jira sai tsoro ya sake ni tukuna.

Da azahar Kadija ta fara fizge-fizge, bayanta ya banƙare. Jaririnta yana ta kuka a hannun kakarsa. Na je ɗaki na zuba hannu cikin geron har gwiwar hannu. Uku na fara fitarwa, na tsaya. Uku ba su isa warkar da kowa ba, ita ko ni. Na kwaso duka.

Ba da zuciya ɗaya na yi ba. Ina soka mata allurar ina jin haushinta. Jibo ya kalli ƙaiƙayin da ya manne a kwalbar, ya kalle ni. Bai tambaya ba.

Sauran goma sha ɗayan fa, da waɗanda aka binne tun ran biyar ga wata? Da na fito da su tuntuni, wa zai rayu? Wannan ba zan iya rubuta shi yau ba.

Asabar, 28 ga Maris
Na tashi da ciwon kai kamar ana sara mini gatari. Haɓa tana kaiwa ƙirji, amma da ƙyar, ko kuwa tsoro ne ya ɗaure wuyan, ban sani ba. Tulu kuma gero ne kawai a ciki.

Siddo ya zo ya tsaya daga bakin darni. Ƙullin kayana yana ɗaure tun shekaranjiya. Na ce masa sauran Kadija allura huɗu, babu mai yi mata. Kuma in ciwon ne a jikina, wa zan kai wa? Ladi?

Ya ce, "Me zan gaya wa Akawu?"

Na ba shi ɗan kunnena ya kai wa yarinyar. Na ce ya gaya masa kada ya jira. Da ya juya sai da na dafe ƙyaure, don ƙafafuna sun so su bi shi.

Lahadi, 29 ga Maris
Idin Tashi. A raina na sa yau Kadija za ta buɗe ido, kamar na yi ciniki da Allah. Ba ta buɗe ba. Wani tsoho daga Tunuga ya cika da hantsi.

Na faɗa da ƙarfi a cikin ɗaki, Almasihu ya tashi. Babu mai amsa mini. Na tuna matan da suka je kabarinsa, su ma da aka gaya musu, gudu suka yi jiki na rawa. To aƙalla ina da 'yan uwa.

Zazzaɓi yana nan.

Talata, 31 ga Maris
Yau kamiyon su Anselme ya tashi zuwa Kotonu.

Alhamis, 2 ga Afrilu
Nawa ciwon na sauro ne, ya sauka. Inna Zeinabu ta yi ta ɗura mini jiƙon ganye tana yi mini faɗa.

Kadija ta farka da la'asar ta nemi ruwa. Jibo yana yi mata magana ba ta waiwaya ba. Na tafa hannu a bayan kanta, ko gezau. Ciwon ya tafi da jinta. Aka sa mata jaririn a ƙirji, yana ta tsala kuka, ita tana kallon bakinsa tana murmushi. Na fita bayan rumfa na yi kukan da ban yi ba ran Talata.

Na gaya wa Inna Zeinabu maganar tulun, duka. Can ta ce, "Allah Ya yafe mana." Mana ta ce.

Litinin, 13 ga Afrilu
Sabon majo ya iso ran Juma'a da kwali biyu na magani. Yau Jibo ya kawo mini takardar izinin tsallaka gada, da hatimin kumandan. Ban san ƙofofi nawa ya durƙusa ba kafin ya same ta. Ya ajiye a kan teburi ya ce, "Ki gaishe da Akawu. Ki ce masa..." Bai ƙarasa ba.

Zan tafi. Na rubuta wa Anselme cewa da ruwan farko ya sauka zan kamo hanya, don sanƙarau ba ya jimre damina. Majo bai iya Hausa sosai ba, kuma matan ba sa yarda ya taɓa su. Dalilin ke nan, babu wani.

Har yanzu ina jin tsoro, kada in yi fahariya. Amma ɗazu ina wanke tukunya na ji ƙarar amalanke a ƙofa, sai kawai na gan ni a bakin titi, kan wata yarinya a cinyata, numfashinta yana bugun fuskata. Sai da muka kwantar da ita majo ya nuna ƙafafuna. Ashe ko takalmi ban tsaya sawa ba.