Na Ari Muryar Mahaifina

Assalamu alaikum admin, da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna. Zagin ma ba lallai ya shige ni ba, ba don taurin kai ba, sai don na daɗe ba na jin komai a jikina. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni ɗan Lafia ne, a Bukan Sidi aka haife ni, kakanninmu fatake ne da suka gangaro daga arewa suka zauna. Sana'ata murya. In ka taɓa jin motar mai maganin basir tana zagaya kasuwa da lasifika, ko tallar sabuwar makaranta, ko cigiya, to wataƙila ni ka ji. Ina da ɗan shago, kwamfuta ɗaya da makirfo, da soso da na manna a bango saboda ƙarar janareton maƙwabta. Tun ina yaro Allah ya ba ni kwaikwayo. In yi muryar tsohuwa, in yi ta ɗan acaɓa, in yi Hausar mutanen ƙauye har su kansu su yi dariya. Amma wadda na fi ƙwarewa a kanta ita ce muryar mahaifina. A gida nakan laɓe bayan labule in ce a kawo abinci, Inna ta taso da tire a guje, in ta ga ni ne ta jefe ni da takalmi tana dariya har da hawaye. Baba kansa yakan ce, yaron nan wata rana sai ya sayar da gidana da bakina.

Baba dillalin riɗi ne da agushi da doya. Amma ba da wannan aka fi saninsa ba, an fi saninsa da shaida. A wajenmu ciniki da yawa ba takarda ake yi ba, mutum ake kira ya tsaya. In manomi da ɗan kasuwa suka saɓa, Musulmi ne ko Kirista, sai ka ji an ce a kira Alhaji. Yana da wata ɗabi'a in zai ba da shaida. Sai ya yi gyaran murya, ya ja numfashi ta hanci, sannan ya ce, "Ni dai ban ji a bakin wani ba, da idona na gani." In ya faɗi haka magana ta ƙare, kowa ya ɗauki buhunsa. Babban amininsa kuwa wani manomi ne daga wajen Assakio, zan kira shi Kawu Agbo duk da ba sunansa ke nan ba. Tun kafin a haife ni yake kawo wa Baba kaya, ba yare ɗaya ba, ba addini ɗaya ba, amma doyar farko ta shekara a gidanmu take sauka, naman layyarmu kuma sai ya je gidansa.

Ana gab da zaɓen shugaban ƙasa wani ya turo mini saƙo a waya. Lambar ba ta ƙasar nan ba ce. Ya ce ya ji aikina, kamfaninsu na wayar da kan jama'a ne, suna son saƙonnin murya da Hausa. Hausarsa a rubuce tana nan daidai amma ba rai, kamar miyar da aka manta gishiri, kuma sau da yawa da safe yake ce mini barka da yamma. Bai taɓa yarda mu yi magana baki da baki ba, kullum sai ya ce sabis ba kyau. Na lura da duk wannan? Na lura. Na tambaya? Ban tambaya ba, tunda yana biya kuma ba ya ja. Ayyukan farko ba komai a ciki, ku fito ku yi zaɓe, ku adana katinku, sai kuma na kukan tsadar abinci wanda kowa ma yake yi. Daga nan ya fara yi mini tambayoyi. Me mutanenku suka fi tsoro? Wa suka fi yarda da maganarsa, malami ko dattijo? Daga ina ake shigo da abinci garinku? Ni kuma sakarai sai na saki baki ina nuna na san gari, na ba shi labarin motocin doya da ke shigowa daga Assakio da Doma, na gaya masa yawancin iyayenmu ba sa karanta rubutu amma saƙon murya ko suna tuƙa tuwo sai sun saurara. Ashe itace nake tara masa.

Sai ga rubutu ya zo. Wai wani dattijo ne yake gargaɗi, ya ga ana shigo da makamai a ƙarƙashin doya daga ƙauyukan Assakio, za a far wa masu layi ranar zaɓe, don haka mata da tsofaffi su zauna a gida. Na karanta, na san ƙarya ne, ba wani shakku a raina. Na ce wa kaina saƙo nawa ne irin wannan ke yawo kullum, wa zai kula da nawa? Na yi da muryar wani tsoho da na ƙirƙira, na tura. Mutumin ya dawo ya ce sun gwada a wasu guruf na waya bai yi tafiya ba, mutane ba sa turawa gaba, in sake yi yadda za a yarda. Wallahi abin da ya taɓa ni a lokacin ba tsoron Allah ba ne, haushi ne, wai aikina bai yi ba. Na zauna na gyara masa matacciyar Hausarsa, na danna rikodin, na yi gyaran murya, na ja numfashi ta hanci. Kun san sauran. Zan iya ce muku bakina ne ya kuɓuce, amma ƙarya zan yi. Na saurara bayan na gama, na ji Baba ne sak, na ji daɗin yadda aikin ya fita, na tura.

Ba a jima ba saƙon ya shigo guruf ɗin danginmu. Wata gwaggonmu ce a Doma ta turo, ta rubuta a ƙasa, "Alhaji ya yi magana, a kiyaye." Baba a kasuwa ya ji kansa yana fita daga wayar wani mai baro. Ya ce ba shi ba ne, ya rantse, ya bi rumfa rumfa yana faɗa. To wa zai yarda? Mutanen da suka shekara suna jin wannan gyaran muryar? Wasu har cewa suke yi, Alhaji kada ka ji tsoro, ai gaskiya ka faɗa. Ana gobe zaɓe wasu samari suka tare motar doya a bakin gari, suka sauke ta kaf a kan titi suna farfasawa suna neman bindiga. Doya ce kawai har ƙasa. Motar Kawu Agbo ce, ɗansa ne yake tuƙi, da ya yi gardama suka karya masa hannu. Yaron da muka yi wasan ƙasa tare, har yau hannun bai miƙe daidai ba.

Ranar zaɓe na je rumfarmu ta kaɗa ƙuri'a. Layin maza da ɗan dama, na mata kuwa in ka ƙirga da yatsu sai yatsu su rage. Inna ma ba ta fita ba, ta ce ko ba Alhaji ya faɗa ba, ita dai gabanta na faɗuwa. Ba abin da ya faru, ko kaza ba a taka ba. Da aka faɗi sakamako na nemi mutumin nan, lambar ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba. Tun daga lokacin nake jin masana a rediyo suna ta gardama, wasu su ce 'yan waje sun juya zaɓen da ƙarairayi, wasu su ce ba hujja, mutane sun zaɓi abin da suke so ne kawai. Ina zaune a shago ina jinsu. Ni da aka yi abin da bakina ban san amsar ba. Saƙo ɗaya zai canza shugaban ƙasa? Ban yi zato ba. To shago nawa ne irin nawa a faɗin ƙasar nan? Ban sani ba. Ban ma san wanda mutumin yake so ya ci ba, don unguwarmu kowane ɓangare yana da mutane. Ko dai ba ruwansa da wanda zai ci, so yake kawai mu daina yarda da juna? Abin da na sani shi ne matan unguwarmu sun zauna a gida saboda sun ji muryar mutumin da bai taɓa yi musu ƙarya ba.

Bayan ƙura ta lafa Kawu Agbo ya zo gidanmu. Baba ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, bai zauna ba. Ya ciro waya ya kunna saƙon tun daga farko har ƙarshe, ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da kofin ruwan da na kawo masa.

"Alhaji, wane mota ka gani? Wane rana?"

Baba ya ce wallahi tallahi ba shi ba ne, a kawo Alƙur'ani ya dafa.

"Ka bar littafinka," in ji Kawu. "Ni muryanka ko ina barci na san shi."

Ya juya ya fita, ruwan ma bai karɓa ba. Na mayar da kofin cikin gida na ajiye a kan randa. Na so in ji wani abu a lokacin, ko kuka ko tsoro, ban ji ba, sai ma na tuna ina da tallar mai sabulu da ban gama ba, na tafi shago na gama.

Daga nan aka daina kiran Baba shaida. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi, kawai in gardama ta tashi sai a nemi wani. Rabin kasuwa na ganin ya yi ƙarya ya jawo an karya yaro, rabi na ganin ya faɗa ne sannan ya tsorata ya janye. Ko ta ina maganarsa ta zube. Kullum yakan yi wanka ya sa hula ya je rumfarsa ya zauna har la'asar, ya dawo ya ce kasuwa ba laifi. Doyar farko ba ta sake sauka a gidanmu ba. Ni kuwa ina ci, ina sha, ina sallah, ina bin Baba sallah ma in ya ja mu a gida. Wace irin zuciya ce wannan? Mutum ne ni kuwa? Wata rana ina wucewa ta madafa Inna tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ka daɗe ba ka yi mana muryar Babanka ba." Na ce maƙogwaro ne ke damuna. Ta ce, "Uhm." Ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma sake yi mini dariya irin ta da ba.

Yanzu hawan jini ya kwantar da Baba, hannunsa na hagu ya yi nauyi, likita ya ce a kiyaye duk abin da zai tayar masa da hankali. Kwanan nan ya ji a rediyo wai akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum har uwarsa ba za ta bambance ba. Ban taɓa ganin murna irin wannan a fuskarsa ba tun da abin ya faru. Ya sa aka kira ni bayan azahar, ya ce in zauna kusa da shi.

"Ka ji abin da suka ce? Ashe na'ura ce. Kai ne ka san aikin nan. Ran kasuwar Assakio za ka kai ni wurin Agbo, ka ɗauki kwamfutarka ka yi masa bayani. Ni in na faɗa ba zai yarda ba, kai kuwa a hannunsa ka girma. Ka tsaya mini shaida."

Na ce to, Baba.

Sannan ya ce ba ya son ya mutu Agbo yana masa kallon maƙaryaci. Ya ce ya yafe wa duk wanda ya tura saƙon, ya yafe wa samarin, ya yafe wa 'yan kasuwa. Wanda ya zauna ya haɗa abin kawai ne bai yafe wa ba, shi kam sai sun tsaya gaban Allah. Yana faɗa yana riƙe da hannuna da hannunsa mai lafiya.

Jama'a, ga inda nake. In na je na ce na'ura ce, na ɗora ƙarya a kan ƙarya, kuma wannan karon Baba yana zaune a gefe yana gyaɗa kai, shi da ya ƙare rayuwarsa bai tsaya wa ƙarya ba. Kuma na san Kawu Agbo, ba lallai zancen na'ura ya shige shi ba, zai ce ɗa ne ya zo wanke ubansa. Abu ɗaya ne zai wanke Baba tas, ba sai da kwamfuta ba: in tsaya a gabansu in yi gyaran murya, in ja numfashi ta hanci, in faɗi maganar nan da bakina. Kafin in rufe baki Kawu zai gane Alhaji bai yi ƙarya ba. Amma Baba ma zai gane, kuma ban san ko zuciyarsa za ta kai shi gida ba. In mayar masa da sunansa in kashe shi? Ko in bar shi ya tafi da farin cikin ƙarya, yana jiran wani a lahira bai san ni zai tarar ba?

Ranar kasuwar ta matso. Ya sa Inna ta wanke masa farar rigarsa ta goge, ga ta can rataye a ƙusa a ɗakinsa. Ɗazu da na shiga gaishe shi ya tambaye ni ko na yi cajin kwamfutar, na ce na yi.

Don girman Allah, me zan yi?