Wa Ya Buga Hatimin Pyo Mandeok?

Guryongpo, 4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Hyeran, uwar Jiwon,

Gaisuwa mai yawa, ke da mijinki da yaran. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san sai da na haura saba'in malamar zauren ƙauye ta koya mini baƙi, har yau layina tafiyar ƙaguwa yake yi. In kin kira ba ki same ni ba, ban mutu ba. Igiyar wayar na zare.

Ran Litinin ina shanya kifi waya ta yi ƙara. Wani mai murya kamar an shafa mata man riɗi ya ce, "Baba Pyo Mandeok ne? Manaja Bong ke magana." Wai kamfaninsu ya sayi bashina. Na ce, "Yaro, ana sayen kifi, ana sayen jirgi, wane mahaukaci ne ke sayen bashi?" Ya yi dariya. Ya ce bashin katin banki ne, won miliyan uku, ya haihu ya yi jikoki, yanzu miliyan goma sha tara ne.

Sha tara! Sai ga ni zaune a kan bokiti ban san na zauna ba. Ni da ko kwalbar giya ban taɓa ɗauka a kanti in ce a rubuta ba! Ni da ban taɓa riƙe katin nan a hannuna ba!

Tun ranar sau shida, sau bakwai yake kira. Ya ce za su zo su manna jar takardar ƙwace kaya a jikin firij da talabijin da ƙofar gida, ƙauye duka ya gani. Gilja maƙwabciya ta jiyo ta katanga, ta leƙo tana cewa, "Lallai tsoho! Ashe da kati kake burge 'yan matan birnin Pohang?" Na ce, "Ke Gilja, kama bakinki. Ina tune da ranar da kika faɗa ruwa kina bin mijinki da ludayi." Ta mayar da kanta ciki. Amma abin da Gilja ta ji da safe, kasuwa ta ji shi kafin rana ta take.

Jiya kuma Bong ɗin ya sauko. Ya ce, "Baba, kamar kakana na ɗauke ka. Ka turo won dubu goma kacal, alamar kai mutumin kirki ne, ni kuma in roƙi na sama su yafe rabi." Dubu goma ai kuɗin kwanon miya ne. Ran kasuwa zan je gidan waya in tura masa, ya bar mini kunnena, daga baya a bi diddigi.

Ki kula da sanyi.
Mahaifinki

Daejeon, 6 ga Maris

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ku da girmamawa. Na aiko wannan ta saƙon gaggawa, ina roƙon ta riga ranar kasuwa isowa.

Baba, kada ku tura ko won ɗaya. Na bar aikin kicin ɗin makaranta na je ofishin da lauyoyi ke ba da shawara kyauta. Lauyar ta ce bashin kati in ya yi shekara biyar ba a biya komai ba, ba a kai shi kotu ba, lokacinsa ya wuce, doka ba za ta tilasta wa mutum ba. Amma da zarar kun biya ko kaɗan, za su ce kun amsa, bashin ya tashi da ransa gaba ɗaya. Dubu goman nan ƙugiya ce, Baba, ku kun fi ni sanin ƙugiya.

Jar takarda kuma ba ta hannunsu, sai kotu ta yi hukunci. In ya sake kira ku ce ya rubuto a takarda, ku ajiye wayar. Kada ku ce "na ci", kada ku ce "zan biya". In takarda ta zo daga kotu, mako biyu ne kawai na mayar da amsa, in aka yi shiru sun ci. Amsar layi ɗaya ce: lokaci ya wuce.

Ban da wannan kada ku tona komai. Tsohon zance ne, a bar shi.

'Yarku, Hyeran

Guryongpo, 12 ga Maris

Uwar Jiwon,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta tare ni a hanya, kuɗin na aljihuna, mai kai wasiƙu ya tsayar da babur ya miƙo mini. A bakin titi na karanta. Wato yaron da ya kira ni kakansa ƙugiya ya sa mini a baki!

Na koma gida na mayar da igiyar waya. Ko shinkafa ban gama ɗorawa ba ya kira. Na ce, "Jikana, wace rana na karɓi katin?" Na ji yana buga na'ura. Ya ce sha huɗu ga Yuni, shekarar dubu biyu da biyu, a rumfar bakin titi a Pohang, da hatimina na sa hannu a jikin takardar. Na ce, "Sake faɗa." Ya sake.

Hyeran, a ƙauyen nan in an yi gardamar wace shekara guguwa ta ɗauke gadar, ko jirgin wa ya nutse da mutum nawa, ƙofata ake bugawa. Wannan shekarar ita ce ta wasan ƙwallon duniya a ƙasarmu, da kowa ya sa jar riga. Ni ban ga jar riga ko ɗaya ba. Ina jirgin Kyaftin Ma a teku mai nisa, mun tashi farkon bazara, ba mu dawo ba sai bayan bikin girbi. A rediyo muka ji wasan, mai dafa mana abinci ya yi tsalle ya kifar da tukunya. Na ce wa Bong, "Sai dai in kifi ne ya kai hatimina Pohang." Ya ce, "Baba, kada ka yi taurin kai." Na ce, "Da shi aka haife ni," na kife wayar.

Shekaranjiya takardar kotu ta zo, kamar yadda kika faɗa. Amma ba zan rubuta "lokaci ya wuce" ba. Wannan maganar wanda ya ci ne ya laɓe har mai kaya ya gaji. Ni ban ci ba. Zan rubuta cewa sace hatimina aka yi, in kuma je wurin 'yan sanda.

Kuma na san ɓarawon. A tulun shinkafa uwarki, mai rasuwa, take ɓoye hatimin. Ban da mu, ƙanena Mansu kaɗai ya sani, kuma a shekarar ne ya sayi sabon injin jirgi ba a san inda ya samo kuɗi ba. Jiya na same shi yana ɗinkin raga, na ce, "Mansu, injin nan ya yi maka daɗin ja?" Ya ce, "Yaya, ka sha ne da safiyar nan?" Na tofar da yawu a gabansa, a gaban mutane. Ciki ɗaya muka fito!

Litinin zan shiga motar farko zuwa Pohang.
Mahaifinki

Daejeon, 14 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ku, in har za ku amsa. Sau uku na ɗauki waya na kasa, shi ya sa na rubuto.

Ba Kawu Mansu ba ne. Ni ce.

Shekarata ashirin da huɗu lokacin, ina aiki a kantin tufafi a Pohang. A bakin titi ake raba kati kamar alewa, har da kyautar lema. Na karɓi ɗaya, na karɓi na biyu don in biya na farko, har suka zama biyar. Masu bin bashi suka fara zuwa kantin suna zama a ƙofa. Na dawo gida na shiga ɗaki, kwana huɗu ban ci abinci ba. Mama ce ta tura hannu cikin tulun ta ciro hatimin, ta ɗaure shi a gefen zanenta, ta raka ni rumfar muka karɓi kati da sunanku. Mai rumfar ko kallonmu bai yi ba. Mama ta ce, "Ubanki na teku. Abin da bai karanta ba ba zai hana shi barci ba."

Kun tuna ambulan masu taga da take cewa na wutar lantarki ne, tana jefawa a murhu? Su ne. Shekara uku tana biya da kuɗin ganyen teku da take tsinka, har gwiwarta ta ƙi. Daga nan takardun suka daina zuwa, muka ɗauka ya mutu. Ta sa na rantse ba zan faɗa ba. Uban Jiwon ma bai sani ba har yau.

In kun rubuta cewa sata ce, za a tambaya wa ya sata. Hakkinku ne, ba zan hana ku ba, ba zan kuma musa ba. Amma ku fara zuwa wurin Kawu.

Na durƙusa.
Hyeran

Guryongpo, 19 ga Maris

Hyeran,

Na amsa gaisuwarki.

Wasiƙarki sau huɗu na karanta, ina cewa karatuna ne bai nuna ba. Ni da nake riƙe da ranakun ƙauye duka, shekara uku ana ƙona sunana a murhun gidana ina jin ɗumi.

Na shiga motar farko ran Litinin. Na wuce ofishin 'yan sanda ban tsaya ba. A kotu ma'aikaciyar ta ce, "Kaka, kai ka karɓi katin?" Na ce, "'Yata, nuna mini inda ake rubutawa kawai." Na rubuta: lokaci ya wuce. Haruffan kaɗan ne, amma ban taɓa jan raga mai nauyinsu ba. Ta ce yanzu kamfanin ne zai kawo hujja, in yana da ita. Bong bai sake kira ba.

Na kai wa Mansu kwalbar giya biyu, na sunkuya masa a inda na tofa yawun. Ya ce to wa ya ci kuɗin? Na ce ni ne, tsufa ya sa na manta. Gilja tana wurin, saboda haka an gama, kasuwa ta ji.

Mijinki ba zai ji daga bakina ba.

Kada ki zo Asabar ɗin nan, ban shirya ganin fuskarki ba. Ki zo ta gaba, ki taho da yaran.

Mahaifinki