Zoɓon Inna bai tafi ba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Anti Rabi da yara? Ya ruwan Fatakwal? Mu nan Haɗeja sai godiya.

Zoɓon da Inna ta ɓare bai tafi ƙasar waje ba. Dillali ya ce jiragen ruwa ba sa zuwa, babu kwantenar lodi. Muna cikin jira sai damina ta shigo, sito ya yi yoyo, buhunan suka yi funfuna. Jiya muka zubar a bayan gari. Inna ta tsaya kallo, ta ce, "Mu koma, ban ɗora tuwo ba." Ni ma ban ji komai ba. Hannuna dai har yanzu ja ne.

A sa mu a addu'a. A gai da kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza