Ragowar Busar Baba

Thunder Bay, Ontario
11 ga Fabrairu

Zuwa ga yayana Reino,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Dolores da yara da jikoki. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta maka ciwon gwiwar nan da kake ɓoyewa amma matarka ta tona. Mu nan mun gode Allah. 'Yata Kaisa tana nan tana fama da 'yan makarantarta, mijinta ya gyara rufin ɗakin siracen Baba, na wankan tururin nan, da ƙanƙara ta so ta danne, jikata Maija kuma ta fara famfara, kowa ta gani sai ta washe masa wawulo. Sanyin bana kuwa ba a cewa komai, tafki ya daskare har iyakar ganin ido. Na san kana can Arizona da gajeren wando kana yi mana dariya. Yi abinka.

Na zaɓi in rubuta da hannu ne saboda na san halinka a waya: ka tambayi sanyi, ka tambayi mota, sai ka miƙa wa Dolores. To yau babu wanda za ka miƙa wa. Yaya, ciwon dajin ya dawo, karo na uku ke nan. Hoton da aka ɗauka a watan Nuwamba ya nuna tabo biyu a huhun hagu, wanda ba a taɓa yanka ba. Likita ba ta yi mini kwana-kwana ba, ta ce wannan karon ba maganar warkewa ake yi ba, maganar riƙe shi ne iyakar yadda za a iya. Na tambaye ta kwana nawa, ta ce ba ta sani ba, amma abin da nake son yi in yi shi a bana. Ni na hana Kaisa ta gaya maka, kada ka ga laifinta.

Ka san ƙararrawar nan da ake bugawa a asibiti ranar da mutum ya gama magani? Sau biyu na buga ta ana tafi ana ɗaukar hoto. Yanzu in na zo wucewa sai in kau da kai kamar na ga wanda na yi wa ƙarya. Watan Disamba kaf a kwance na yi shi, fuskata a bango. Maƙwabta suna ta kawo abinci, Allah ya saka musu, amma kowa ya zauna sai ya lallaɓa ya tambaya ko ina shan taba a da. Wanda bai tambaya da baki ba ya tambaya da ido. Da Kaisa ta gaji da ni, ran wata Talata ta sa mini takalma da kanta kamar ƙaramar yarinya, ta tura ni mota ina masifa.

Inda ta kai ni shi ne ɗakin ƙasa na wani coci, kusa da tsofaffin rumbunan alkamar bakin tafki inda Baba ya yi aiki. Mutum takwas na tarar, ni ta tara, kuma dukanmu ciwon huhun nan ya tafi ya dawo mana. Na zauna kusa da ƙofa da niyyar ba za su sake ganina ba. Shugabarsu wata dattijuwa ce, Bernadette, 'yar ƙarama mai murya kamar ta sajan. Ta ce dokokinsu biyu ne: ba a tambayar kowa zancen taba, kuma ba a ce wa kowa zai warke. Kafin in ce uffan ta danƙa mini hamonika a hannu, 'yar sarewar ƙarfen nan mai ramuka irin ta Baba, ta ce da ita suke motsa huhu, a busa a zuƙa. Sai wani tsohon direban jirgin ƙasa, Wendell, mai jan tukunyar iskar numfashinsa a kan 'yan tayoyi yana kiran tukunyar Madam, ya leƙo ya ce in kwantar da hankalina, mu tara ɗin nan in an yi mana adalci huhu goma sha ɗaya ne da mu, ba wanda zai fi wani. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, aka yi ta bubbuga mini baya. Rabona da dariya tun Nuwamba.

Yanzu Talata ba ta wuce ni. Busarmu kam ba daɗi, Wendell ya ce in agwagin tafki suka ji za su kai mu ƙara. Amma a can ne kaɗai zan ce ina jin tsoro ba wanda zai yi saurin toshe mini baki. Ranar da za a ɗauki hoton ɗayanmu, wani zai raka shi ya zauna da shi a ɗakin jira. Suna kuma da wata al'ada: kowa yana da busarsa da ya zaɓa ya koya wa sauran. Ranar da ƙafarsa ta kasa saukowa ta matakalar cocin, sai a bi shi inda yake a busa masa. Watan jiya muka je wa Lorne, wani mai gyaran famfo da muke zama kusa da juna. Ba ya iya magana sosai, amma yatsansa yana bin kiɗan a kan bargo. Da muka gama ya raɗa wa matarsa cewa mun ɓata wurin da muka saba ɓatawa. Bayan kwana huɗu ya rasu. A mota muna dawowa Bernadette ta juyo ta ce, “Aila, ke kaɗai ce ba ki da busa. Koya wa kuramen tsofaffin nan abu sai an yi wata biyu, ki hanzarta.” Ban ji haushi ba. Na gane abin da take nufi.

Ba sai na gaya maka wadda na zaɓa ba. Ka tuna yammacin Asabar a bukkarmu ta bakin tafki? Baba ya fito daga sirace jawur, tawul a wuya, ya zauna a matakala ya ciro hamonika daga aljihun riga. Mama tana yanka burodin nan nata mai kitso, kofi yana tafasa, sauro yana cinmu, ni da kai muna rige-rigen faɗawa ruwa daga kan katako leɓunanmu sun yi shuɗi. Busa ɗaya yake yi kullum, marar suna, wadda ya ce a cikin jirgin ruwa ya ƙirƙira lokacin da yake zuwa ƙasar nan. Mama takan ce ya canza mana, ya ce ai bai gama ƙwarewa a wannan ba. Wallahi in na rufe ido har ƙamshin hayaƙin itacen nan nake ji. Sai dai ga matsalar: rabinta kawai nake tunawa. Ina kaiwa wurin da take hawa sama, sai ta ɓace mini ɓat. Na gwada a kicin, na gwada a mota, ta ƙi. Wendell ya ce busata kamar jirginsa ne ya tsaya a tsakiyar gada. Kai ne Baba ya koya wa, kai ka busa ta ranar jana'izarsa, kuma hamonikarsa tana hannunka. Duk duniya ba wanda ya san ragowar sai kai.

Yanzu bari in taɓo abin da muke kewayewa shekara bakwai. A bayan ɗakin siracen nan ka ba ni karan taba na farko, ina da shekara goma sha huɗu, kana da sha bakwai. Tun da aka fara gano ciwon ba ka tako garin nan ba, kullum da uzuri. Dolores ta gaya mini abin da ka ce mata, wai kai ka kashe ƙanwarka. Haba Yaya! Ka manta kwana uku na yi ina binka da naci, har na ce zan gaya wa Baba wanda ya lotsa masa mota? Shekara talatin da hannuna na kunna, da kaina kuma na bari. Bernadette ko sau ɗaya ba ta taɓa sa taba a baki ba, ga ta nan kujerarta kusa da tawa. Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba, amma ba don tabar ba. Don shekara bakwai ɗin nan ne da ka bar ni ba yaya. Ina kewarka ƙwarai, kuma ba ni da wasu shekaru bakwai da zan ba ka.

Kaisa ta ce ka busa a waya ka turo, ko ka sa hamonikar a akwatin gidan waya. Na ce a'a. Ka kawo ta da kanka. Ka nemo tsohuwar rigar sanyinka, in ta matse ka akwai ta mijin Kaisa. Muna haɗuwa Talata da ƙarfe goma na safe, kuma Wendell ya riga ya ajiye maka kujera, ya ce mai huhu biyu cur ba ƙaramin baƙo ba ne a wurinmu.

Ka gaishe mini da Dolores, ka ce na gode da ta tona maka asiri. Ka gaishe da Tomas da iyalinsa, da Liisa, da 'yan tagwayenta. Kaisa da mijinta suna gaishe ku, Maija kuma ta ce a nuna maka wawulonta kafin haƙori ya fito. Allah ya kiyaye hanya.

Na koya musu rabin da na sani, Yaya, sun iya shi daidai gwargwado. Duk Talata muna kaiwa wurin da take hawa sama, sai mu takwas ɗin da muka rage mu tsaya cak, su juyo su dube ni.

Taka ƙanwa har kullum,
Aila