Filta Mai Rabin Duhu da Tafkin Marke

Farin Dutse, Gwaram,
farkon damina.

Zuwa ga Yaya Abdurra'uf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Rahamatu da yara. Ya ƙafar Inna? Ya shagon hoto? Allah ya ƙara buɗi.

Na rubuto na ba Sabo direba maimakon in kira, don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zancensa. Kuma akwai hotuna cikin ambulan da nake so ka duba da idon mai sana'a.

Ka tuna Tafkin Marke, wanda ke gindin dutse a bayan makarantar da nake koyarwa? Yaya, ba za ka gane shi ba. Tun da Alhaji Salihu ya buɗe gonar kaji a kan tudu, ya ja bututu har bakin ruwa. Kashin kaji, jinin yanka, hanji, har matattun tsaki, duk nan suke sauka. Ruwan ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, samansa kore, tsutsotsi na motsi a gefe. In iska ta juyo, 'yan ajina da hijabi suke toshe hanci. A nan awaki ke sha, kuma rijiyoyin unguwarmu ba su da nisa da shi.

Na ɗauki hotuna da kyamarar da ka ba ni, maigidana Baban Kausar ya kai gaban dagaci. Da ya dawo ya ce min manajan gonar ya ɗaga ɗaya da yatsu biyu ya ce, "Ranka ya daɗe, nan ina ne? Ni dai ƙazanta na gani da farin fili a sama. Ina dutsen? Ina marken? Ai wannan kowace kwata ce a Kano." Aka yi dariya, aka watse.

Abin takaicin shi ne bai yi ƙarya ba. In na saita don ruwan ya fito, sama da dutse su wanke fes. In na saita don dutsen, ruwan ya koma baƙi ƙirin, ba a ganin komai. Ina so su fito tare a hoto ɗaya. Me zan yi? Ka san albashin malamar firamare, kada ka kira min abin da ya fi ƙarfina.

Ka gaida Inna da kyau.

Ƙanwarka,
Juwairiyya.

*

Birnin Kudu.

Malama Juwai, autar Inna,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Inna ta ce ki daina aiko mata da daddawa mai gishiri.

Na ga hotunanki, sai da na ture kwanon abinci. Amma matsalarki tsohuwa ce, duk mai ɗaukar fili da sama ya san ta. Sama ta fi ƙasa haske nesa ba kusa ba, ita kuwa kyamara ba idon mutum ba ce, ɗaya take iya riƙewa. Maganinta wata filta ce da ake sawa a bakin kyamara, rabinta na sama mai duhu, na ƙasa garau. Duhun ya danne hasken sama, ƙasa ta samu ta numfasa.

Kala-kala ce. Akwai wadda duhunta ke yankewa kai tsaye kamar an ja layi, wannan ta fili ce shimfiɗaɗɗe. Akwai wadda duhunta ke narkewa a hankali, ita ce ta wurin da dutse ko bishiya suka tokare sama. Ƙarfin duhun ma mataki-mataki ne, na biyu ya ishi yawancin aiki, na uku sai rana ta yi tsanani. Ta gilashi ita ce sarauniya, amma ki manta da ita. Ta roba ce ta talaka, tana saurin karcewa, sai a lallaɓa ta.

Ga wata zagayayya nan na tsinta a durowa, murza ta ake yi kamar murfin kwalba. Wani ɗan tebur a Kano ya haɗa min da ita kyauta. Gwada ki gani.

Sai dai ina jan kunnenki. Alhaji Salihu ba ƙaramin mutum ba ne, rabin ƙwan da ake ci a garin nan nasa ne. Ki ɗauki dutse da gajimare ki ji daɗinki, ki bar maza su yi rigimar tafki.

Naki,
Yaya Ra'ufu.

*

Farin Dutse.

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Saƙo ya iso, na gode. Amma Allah ya isa tsakanina da wanda ya ƙera wannan abu.

Na je da safe na tsaya a kan jigawar gabas, inda ake hango bututu da marke da dutse gaba ɗaya. Na daure da warin, ƙudaje na shiga min baki, na ɗauka. Da na duba, sai ga tafkin ya koma ruwan hoda kamar leshin amarya. Kumfar ƙazantar har wani sheƙi take. Maƙwabciyata Mairama ta leƙa ta ce, "Kai, wace ƙasa ce wannan mai kyau haka?" Na ce mata nan ne inda akuyarta ta mutu. Ta tofar da yawu.

Na ɗora filtar a kan farin hijabi a rana, na ga ba toka-toka ba ce, rinanniya ce. Ga shi kuma layin duhun a tsakiya yake daram, ba ya hawa ba ya sauka, sai ya raba min dutsen biyu, kansa baƙi, gindinsa fari. Hannuna kawai ya taɓa ta, ta karce. Ta koma hannun Sabo, ka mayar da ita durowarka.

Ka ce in bar wa maza. Kausar ta yi ta gudawa da amai har sai da aka sa mata ruwa a asibiti, kuma gadon da ke kusa da nata ɗan Mairama ne. Yanzu ta fara cin abinci, alhamdu lillahi, amma in ka ga wuyanta sai ka kau da kai. Ruwan leda muke saya mu sha, masu kuɗinsa ke nan. Sauran fa?

Na karanta wasiƙarka da kyau. Abin da nake buƙata shi ne mai narkewa, mataki biyu, ta roba, amma wadda ba ta rini. Na ga a waya akwai mai kusurwa huɗu da ake zurawa cikin mariƙi, a ɗaga ta ko a sauke yadda ake so. Ita nake so. In ka shiga Kano ka duba min, ka gwada ta a kan farar takarda kafin ka karɓa. Dagaci ya ce zai sake zama kafin girbi.

Ƙanwarka,
Juwairiyya.

*

Birnin Kudu.

Juwai,

Sannu da jinya. Allah ya ƙara wa Kausar lafiya, ga zuma nan da dabino Anti ta ce a ba ta.

Na shiga Kano amma a gurguje, ban samu irin wadda kike so ba. Masu kyan sun yi tsada, masu arahar duk irin waccan ce. Ni ina da ɗaya mai kusurwa huɗu, amma aiki ya riƙe ta yanzu. Ki ɗan yi haƙuri damina ta wuce. Hasken damina ma ba shi da tabbas, za ki wahala a banza.

Ayyuka sun yi min yawa, kada ki ga shiru ki damu.

Yayanki.

*

Farin Dutse.

Yaya Abdurra'uf,

Assalamu alaikum.

Ranar kasuwar Gwaram na ga aikin da ya riƙe filtarka. Allon talla ne, an kafa shi a bakin tasha, ya fi ƙofar ɗaki girma. Rana na faɗuwa a bayan dutsenmu, sama ja da ruwan zinare, marke a tsaye kamar an zana shi. Ƙasa kuma duhu lulluɓe, sai ɗan sheƙin ruwa. An rubuta, "Gonar Alhaji Salihu, tsafta daga tushe." A can ƙasa, da ƙananan haruffa, sunan shagonka.

Na daɗe a tsaye, Baban Kausar na ja min hannun hijabi. Ba don ka koya min ba, da ban gane ba. Juya ta ka yi, ko ba haka ba? Ka kai duhun ƙasa, ka danne bututu da hanji da tsutsa, ka bar sama tana ado. Har inda bututun yake na nuna da yatsa a jikin allon, babu komai sai baƙi mai laushi. Wani mai lemo a gefe ya ce min, "Hajiya, kin ga garinku ya shiga talla." Na juya na bar wurin.

Da na dawo na ba Mairama labari, sai ta ce, "Malama, ai na ga yayanki. Da la'asar, a motar gona, shi da manaja. Ya ɗaure fuska da hankici, ya kafa kyamara a bakin ruwa. Na ɗauka daga gidanki yake, shi ya sa ban yi magana ba."

Daga tafkin zuwa ƙofata ko ruwan alwala ba zai huce ba. 'Yar ƙanwarka na kwance ba ta gama warwarewa ba, ka zo garin ka koma, ka aiko mata da zuma ta hannun direba.

Ba na buƙatar filtarka. Ƙanin Baban Kausar da ke Kano ya shiga kasuwa da farar takarda a aljihu kamar yadda na gaya masa, ya yi ta ɗora su ɗaya bayan ɗaya har masu shago suka fara tsaki. Ya samo ta roba, mai kusurwa huɗu, mai narkewa, mataki biyu, ba ta da wani suna a jiki. Tana ɗan ja zuwa shuɗi kaɗan, amma ba ta ƙarya. Da mariƙinta duka, abin da za mu kashe a ɗinkin Sallah ne ya tafi, kuma ban yi da-na-sani ba. Na sauke duhun daidai kafaɗar dutse. Ga kwafi ɗaya nan. Dutse ya fito, marke ya fito, gajimare ya fito, ga bututu yana aman jini, ga gawar kaza ta kumbura a gaba. Ka duba shi da idon mai sana'a.

Juwairiyya.

*

Birnin Kudu.

Juwairiyya,

Wa alaikumus salam. Na karanta, na kuma ga hoton. Ya yi. Layin bai nuna ba ko kaɗan, ni kaina ba zan fi haka ba.

Amma kin yi min magana kamar ni na ja bututun. Ni mai hoto ne. Amarya mai ƙuraje ta zo in goge mata, ɗan takara mai tumbi ya zo in rage masa, ba wanda ya taɓa kirana maci amana. Yau kowa da waya a hannu, shagon nan kwana yake yi ba a ɗaga labulensa ba. Mutum ya kawo min aikin shekara guda, kalanda da alluna da kwalayen ƙwai, in ce masa a'a saboda ƙanwata na fushi da shi? Maganin ƙafar Inna daga ina kike tsammani yake fitowa?

Kina ganin daɗi na ji? Sau biyu na yi amai a bakin ruwan nan. Takalman da na sa ranar a bola suka kwana, har yau ban ƙara cin dafaffen ƙwai ba. Manajan na tsaye a bayana yana cewa, "Ƙara duhu, Malam, har yanzu ina hango fuka-fuki." Na ƙara. Ban biyo gidanki ba don warin na jikina, kuma na san abin da zan gani a fuskarki.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Sun san ke ƙanwata ce. Manajan ya kira ni ya ce in har hotonki ya je gaban dagaci, aikina ya ƙare. Alhaji ya yi alkawarin tona ramin zuba ƙazantar bayan damina. Ki jira. Ba don ni ba, don Inna da yaran nan.

Yayanki, ko kina so ko ba kya so,
Abdurra'uf.

*

Farin Dutse,
bayan girbin gero.

Yaya,

Salamu alaikum. An yi zaman. Dagaci ya riƙe hoton ya daɗe, ya miƙa wa manaja ya ce, "Yau ka gane ko ina ne?" An ba masu gonar umarni, sun cire bututun daga Tafkin Marke.

Ba su tona rami ba. Sun zagaya da shi ta bayan tudu, yanzu cikin fadamar mutanen ƙauyen gaba yake zuba, inda suke shuka tumatir da albasa. Matansu biyu sun zo har makaranta suna tambayar malama mai kyamara. Zan je musu ranar Asabar.

Na ji aikinka ya tsaya. Ban ji daɗi ba, kuma ban fasa ba. Maganin Inna na wannan watan yana hannun Sabo, daga yanzu ni zan riƙa aikowa. Ka ce mata ina nan tafe in an yi hutu, a ɗakinta zan sauka.

Ka gaida Anti da yara.

Juwairiyya.