Layin da Na Cire Daga Rahoto

Litinin, 4 ga Maris

An miƙo mini zaman waiwaye na aikin asibitin nan. Shekara huɗu ke nan wannan ne aikina: in an gama manhaja an ba mai ita, in tara waɗanda suka yi ta a ɗaki ɗaya mu duba inda aka yi daidai da inda aka kwafsa, ba tare da an ɗora wa kowa laifi ba. Da lemo da cincin muke yi, ana ta dariya. Wannan karon babu mai son haɗa ido da ni.

Manhajar saƙon waya take tura wa marasa lafiya, ta tuna musu ranar karɓar magani. Ranar da aka kunna ta, saƙo sama da ɗari uku ya tafi lambar dangin da suka bayar don ko-ta-kwana, maimakon tasu lambar. Ciki har da masu karɓar maganin ƙanjamau a ɓoye. Wata mata a Ikorodu, uwar mijinta ce ta karanta saƙon. Ban san sunanta ba. An ce ranar aka watso mata kayanta waje.

Madam Odunsi, shugabar kamfani, tana son rahoto nan da mako biyu.

Laraba, 6 ga Maris

Zaman farko, aikin banza. Ni na ɓata shi da hannuna. Na bar babba ya fara magana, kamar yadda muke yi kullum ba tare da wani ya taɓa cewa doka ce ba.

Oga Akinwale ne babban injiniyanmu, abokin babana tun suna makaranta a Ibadan, shi ya kawo ni kamfanin nan. Ya gyara tabarau ya ce a ganinsa jerin lambobin da asibiti ya aiko ne a hargitse. Shi ke nan. Mutum bakwai a bayansa, kowa da nasa "kamar yadda Oga ya faɗa." Haushi ya ishe ni har na karya murfin biro.

Da muka fito Gbolahan, mai rubuta manhaja, ya raɗa mini, "Anti Wura, da rakoda kika kawo ta maimaita mana, da tuni muna buka muna cin amala."

Ireti mai gwaji, wadda ke duba manhaja kafin a kunna ta, ita kaɗai ce ba ta ce kamar yadda Oga ya faɗa ba. Cewa ta yi ba ta da abin ƙarawa, tana kallon yatsunta.

Alhamis, 7 ga Maris

Na buɗe jerin da asibiti ya aiko. Lafiyarsa ƙalau.

Litinin, 11 ga Maris

Da safe na roƙi Oga ya bar mu mu zauna ba shi. Ya yi dariya. "Ke da na ci tuwon sunanki za ki kore ni daga taro? To, na koru."

Na rufe ƙofa na yi musu alkawarin da na saba: abin da aka faɗa a nan gyara za a yi da shi, babu suna a rahoto, babu wanda za a taɓa. Ireti ta ce, "Kin tabbata, Anti Wura?" Na ce na tabbata. Har ƙirji na dafa.

Sai ta faɗa. Kwana huɗu kafin a kunna, ta ga manhajar tana ɗaukar lambar dangi. Ɓangaren kuwa Oga ne ya rubuta shi da kansa. Ƙa'ida ita ce duk kuskuren da aka gani a shigar da shi rajistar kurakurai, inda kowa ke gani har Madam, da sunan mai ɓangaren a gefe.

"Ta yaya zan kafa sunan Oga a gaban yara in ce ya yi kuskure? Ba haka uwata ta tarbiyyantar da ni ba."

Ofishinsa ta je, ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaya masa da baki. Yana kan waya. Ya ce, "Na ji, 'yata, zan duba." Ba ta koma ba, don tambaya ta biyu kamar ce masa ne ya fara mantuwa.

Babu wanda ya yi mamaki a ɗakin, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Gbolahan ya ce shekara uku yana gyara ɓangaren Oga a ɓoye bai taɓa rubutawa ba. Ni ma da ni ce, ofishin zan je.

Ireti ta yi kuka kaɗan, ta ce tun ranar ba ta iya cin abinci sosai saboda matar Ikorodu. Na riƙe hannunta na ce ta yi abin kirki da ta faɗa.

Talata, 12 ga Maris

Na rubuta. Layi biyu ne zuciyar rahoton. Na ɗaya: mai gwaji ta ga kuskuren, ba ta shigar a rajista ba. Na biyu: ta sanar da babban injiniya da baki, ba a gyara ba.

Alhamis, 14 ga Maris

Na kai wa Oga ya gani kafin Madam. Babu ƙa'idar da ta ce in yi haka. Ƙafafuna ne suka kai ni.

Sau biyu ya karanta. Ya cire tabarau ya ce, "Wallahi ban tuna ba." Na yarda da shi kuwa, fuskarsa duk ta zube. Can ya ce, "Wata tara ya rage in ajiye aiki, Wura. Abin da ba a rubuce yake ba, ban san yadda zai zauna a rahoto ba. Amma aikinki ne." Sannan ya tambaye ni ƙafar babana, ya ce zai leƙa shi ranar Lahadi bayan coci.

Bai ce in cire komai ba. Ina so in rubuta wannan a nan don kar nan gaba in yi wa kaina ƙarya.

Juma'a, 15 ga Maris

Na cire layi na biyu. Ba shi da shaida a rubuce. Kuma ai babu suna a rahoton. Na tura ƙarfe huɗu, na shiga motar haya ta danfo zuwa gida.

Litinin, 18 ga Maris

Mai gwaji ɗaya ce a aikin nan. Ɗaya tak. Kalmar "mai gwaji" da sunan Ireti duk ɗaya ne, kuma na san haka tun ranar Juma'a.

Madam ta kira ni, Oga na zaune a gefe. Asibiti sun ce sai sun ga an hukunta wani ko su kai mu kotu. Na ce, "Madam, zaman nan ba na hukunci ba ne, alkawari na yi musu." Ta ce, "Ni ban yi ba. Akwai wani abu da aka faɗa wanda ba ki rubuta ba? In akwai, yanzu ne lokacinsa."

Oga yana kallon taga. Na ce babu.

Ireti ce ke riƙe da mahaifiyarta da yara biyu tun rasuwar mijinta.

Juma'a, 22 ga Maris

An sallami Ireti daga aiki, yau ta kwashe kayanta. Sai da ta shiga ta durƙusa ta yi wa Oga sallama, na gani ta gilashi, ya dafa kanta yana sa mata albarka.

A matakala muka haɗu. Ta ce, "Duka kika rubuta, Anti Wura?" Na ce na rubuta abin da zan iya. Ta dube ni, babu ko fushi a idonta. "To. Ashe ke ma durƙusawa kika je kika yi."

Na shiga banɗaki na zauna har aka tashi aiki. Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba.

Laraba, 10 ga Afrilu

Na kira Ireti sau biyu ba ta ɗauka ba. Na ji daɗi da ba ta ɗauka ba.

Tun ranar da Ireti ta tafi Madam ta fitar da sanarwa: daga ranar kowane kuskure sai an shigar a rajista, ko na waye. An tafa. Kusan mako uku ke nan, ko layi ɗaya babu a ƙarƙashin sunan Oga.

Laraba, 8 ga Mayu

Zaman waiwaye na aikin kamfanin sufuri. Ya tafi lafiya. Oga ya fara, saura suka bi. Ban yi jawabin alkawari ba, kowa ya riga ya san shi, ɓata lokaci ne.

Wajen ƙarshe Gbolahan ya ɗaga hannu. Ba wasa a fuskarsa. Ya ce, "Anti Wura, akwai abin da na gani tun watan jiya a ɓangaren biyan kuɗin tikiti, ban..." Na ce lokaci ya ƙure, a bari sai wani zaman. Ya sauke hannun a hankali.

Saura minti goma sha ɗaya ne, amma ai sai an kwashe kujeru, wasu na jiran ɗakin. Matar Gbolahan na da ciki wata bakwai. Ba don wannan ba ne.

Rahoton shafi ɗaya ya fita. Madam ta ce shi ne mafi tsafta da na taɓa rubutawa.